Takalmi Domin Ƙafa A Ke Yinsa

Jawabi ga mutanen Jajaye da maƙwabtansu

An shirya wannan jawabi ne domin mutanen Jajaye da na sauran ƙasar Rogo da Karaye, su Zarewa da Beli da Fulatan, amma duk mai taka ƙasa yana da rabo a cikinsa. In ka karanta, ka karanta wa mutanen gidanka waɗanda ba su iya ba tukuna.

Maganarmu ta yau a kan takalmi ta ke. Watakila ka ce, "Takalmi har ya isa a tara mutane a kansa?" To, ka yi haƙuri ka saurara. Da ƙafa ka ke zuwa gona, da ita ka ke cin kasuwa, da ita ka ke zuwa masallaci. Ran da ta ƙi takuwa, ko da sauran jiki lafiya lau ya ke, huɗa ta tsaya, talla ta tsaya, yaro ya fasa makaranta. Cikin abubuwan da ke ɓata ƙafa kuwa har da wanda mu ke saye da kuɗinmu domin ya tsare ta, watau takalmin da bai yi daidai da ita ba.

YADDA AKA GINA ƘAFA

Ka dubi ƙafarka. Daga waje kamar dunƙule guda ce, amma a cikin kowace ƙafa akwai ƙasusuwa 26, da gaɓoɓi 33 inda ƙashi ke gamuwa da ƙashi, da tsoka da jijiyoyi fiye da 100 masu ɗaure su suna motsa su. Jikin babban mutum duka ƙasusuwa 206 gare shi. Ka ga ke nan ƙafafu biyu sun kwashe 52, watau kashi ɗaya cikin huɗu.

Dalilin tara ƙasusuwa da yawa haka a ɗan wuri shi ne, a kowane taki ƙafa sai ta sake kama. Dunduniya ce ke fara sauka, sa'an nan nauyin jiki ya gangara gaba, tafin ƙafa ya baje, yatsu su buɗe su kama ƙasa, kana babban yatsa ya tura mutum gaba. In kana so ka gani da idonka, ka taka rairayi mai laima ba takalmi, ka dubi sawunka. Za ka tarar gaban ƙafa ya fi ko'ina faɗi. Sa'an nan ka ɗauko takalmin nan mai tsinin baki, ka aza kusa da sawun. Daidai inda ƙafa ta fi buɗewa, nan takalmin ya fi ƙuntata.

Ka sani kuma girman ƙafa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ta fi girma in kana tsaye da in kana zaune, gama nauyi yana baje ta. Ta fi girma da yamma da yadda ta ke da safe, domin yini a tsaye yana sa ta ɗan kumbura, balle da bazara. Ƙafar mace mai ciki ta kan kumbura ta ƙara faɗi, ta tsoho ma ta kan baje da shekaru. Har wa yau, a wurin yawancin mutane ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya.

TAKALMAN DA DA NA YANZU

Ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce ga aikin fata. Wani Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a shekarar 1851. Ya rubuta cewa takalma suna cikin manyan kayan da birnin ke yi, kuma fatake suna ɗaukarsu zuwa ƙasashe masu nisa, har hayin Sahara. Irin waɗannan takalma, su fade da sambatsai, buɗaɗɗu ne. Tafin ƙafa yana da kariya daga ƙaya da zafin ƙasa, yatsu kuwa suna sake, iska tana ratsa su. In mutum ya ba da ɗinki, baduku ya kan aza ƙafarsa bisa fata ya zana, ya yanka daidai da ita.

Takalmin masana'anta ba haka a ke yinsa ba. A kan ƙira guda a ke yin dubbai, a buga musu lamba, mai yinsu bai taɓa ganin ƙafarka ba. Lambar nan kuwa tsawo kaɗai ta ke faɗi, ba ta san faɗin ƙafarka ko tudunta ba. Lambobin ma ba iri ɗaya ba ne: abin da Ingila ke kira 8, shi sauran ƙasashen Turai ke kira 42 ko kusa da haka, kuma 42 na wannan masana'anta ya kan bambanta da na waccan. Saboda haka wanda ya ce, "Ni 42 na ke sawa," ya biya ya tafi bai gwada ba, ya yi cinikin biri a sama.

ƁARNAR TAKALMI MAI MATSI

Farkon abin da ke fitowa shi ne bororo. Takalmi ya yi ta gogar wuri ɗaya, a dunduniya ko a ƙaramin yatsa, har fatar sama ta rabu da ta ƙasa, ruwa ya taru. In ya fashe, ƙofa ta buɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ƙwayoyin cuta su ke da fata.

In gugar ta daɗe, fata ta kan kare kanta ta yi kauri, shi ne kanta. Wata kantar ta kan yi ƙwaya mai tauri a tsakiya, wadda ke sukan nama kamar ƙaya duk sa'ad da aka taka. Mutane su kan yanke ta da reza, ta komo, su sake yankewa, ta sake komowa, domin abin da ya kawo ta yana nan a bakin ƙofa yana jiran safiya.

Na uku, farce ya shiga nama. Bakin takalmi ya matse babban yatsa, gefen farce ya huda fata, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya. Wanda ke yanke farce ƙwarai, yana rarake gefensa, ya fi kowa gamuwa da wannan.

Na huɗu ya fi waɗannan wuyar gyara, gama a ƙashi ya ke. Shekara da shekaru takalmi yana tura babban yatsa wajen 'yan'uwansa, har ya karkace, gindinsa ya fito waje ya yi ƙululu. Sauran yatsun da suka rasa wurin miƙewa su lanƙwashe kamar na kaza, gaɓoɓinsu su sandare a haka. Wani kuma jijiyar da ke tsakanin yatsa na uku da na huɗu ce ke matsuwa, ya riƙa jin raɗaɗi, ko ya ji kamar akwai tsakuwa a takalmi, ya zazzage bai ga kome ba. Takalmin mata mai doguwar dunduniya da tsinin baki ya fi kowane kawo irin wannan, domin yana kwashe nauyin jiki ya jibga wa yatsu, a wurin da babu sarari. A sa shi ran biki a tuɓe, da sauƙi. A mai da shi na kullum, shi ne ɓarna. In karkatar ta yi tsanani har ta hana tafiya, sai aikin likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Na biyar, cin ruwa. Rufaffen takalmin roba ba ya barin gumi ya fita. Tsakanin yatsu ya jiƙe ya yi fari, ya riƙa ƙaiƙayi, ya tsage, ya yi wari. Masu noman rani da masunta na bakin madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, sun san wannan, tun da ya ke su kan yini cikin but na roba.

Kada kuma ka ce to, bari in sayi babba ƙwarai in huta. Takalmin da ya yi yawa shi ma yana da tasa. Ƙafa tana zamewa a ciki tana goguwa, yatsu suna ƙanƙamewa don su riƙe shi, ga tuntuɓe, wanda ga tsoho ya kan zama karaya. Duk wanda ƙafa ta dame shi kuwa ya kan sake tafiya ya riƙa ɗingishi, daga nan gwiwa da ƙugu da baya su ɗauki nauyin da ba nasu ba.

SHAIDAR MASANA

Watakila ka ce karkatar yatsa ai gado ce, kakarka ma haka nata ya ke. Akwai gaskiya a nan, gama wasu da saurin karkatar a ke haifarsu. Amma takalmi shi ke izawa. A shekarar 1958 wasu likitoci biyu a Hong Kong, can gabashin duniya, Sim-Fook da Hodgson, suka buga sakamakon gwada ƙafafun mutanen wurin masu sa takalmi da marasa sawa. Cikin masu takalmi, 33 cikin 100 babban yatsansu ya karkace. Cikin marasa takalmi kuwa, kamar 2 ne kaɗai cikin 100. Jama'a ɗaya, ƙasa ɗaya, abin da ya raba su takalmi.

Tun kafin wannan, sojan Amurka sun ga abin ya dame su, domin soja mai ciwon ƙafa ba ya iya maci. Wani likitansu, Edward Munson, shi da abokan aikinsa suka duba ƙafafun soja wajen 2,000, suka tarar da yawa takalma sun ɓata musu yatsu. A 1912 ya fito da sabuwar ƙirar takalmin soja mai faɗin baki, wadda ta bi siffar ƙafa.

ƘAFAR YARO

Yanzu mu zo kan yara, gama nan hakkin ya fi nauyi a wuyan iyaye. Ƙafar jariri yawancinta guringuntsi ne mai taushi, ba ta gama zama ƙashi sosai sai yaro ya balaga ya tasa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mutanen ƙasar Sin sun nuna wa duniya iyakar wannan. Wajen shekara 1,000 suna da al'adar naɗe ƙafafun 'yan mata tun suna ƙanana da ƙyalle tamau, wai ƙaramar ƙafa ita ce kyau. Ƙafar ta kan lanƙwashe ta nakasa, mace ta rayu tana tafiya da ƙyar. Hukumarsu ta hana a 1912, ko da ya ke a ƙauyuka an daɗe ba a bari ba. Ba mai cewa takalmin Salla ya kai wannan, amma ka ga dai yadda ƙafar yaro ke bin abin da aka zuba ta a ciki.

Ga yadda abin ke faruwa a gidajenmu. Azumi ya yi nisa, maigida zai tafi Kano ko kasuwar Rogo sayen kayan Salla. Ya karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar yaro, yaron yana zaune ko yana barci, ya sa a aljihu. A kasuwa ya zura tsinken cikin takalmi, ya shiga cif, ya biya. Kuskure uku ke nan a tafiya ɗaya: an auna ƙafa ba nauyi a kanta, an auna tsawo an bar faɗi, ba a kuma bar wa yatsu sarari ba. Ran Salla a tambayi yaro, "Ya matse ka?" Ya ce a'a, don yana tsoron a karɓe, ya tafi idi ba sabon takalmi. Da yamma ka gan shi ya riƙo takalmin a hannu, a yi masa faɗa.

Ƙafar yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 ta kan sake lamba cikin wata 2 ko 3. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba kuwa wata 2 ne da kwana 10. Ashe takalmin da ya yi daidai a waccan yana iya matsewa a wannan. Na ɗan makaranta a duba shi sau 2 ko 3 a shekara. In za a ba ƙane takalmin wansa, a gwada tukuna, kada a ce tun da wa ya sa, dole ƙane ya sa. Safa ma in ta yi kaɗan tana tattare yatsu kamar takalmi. Jaririn da bai fara tafiya ba kuwa ba ya bukatar takalmi ko kaɗan.

ƘAFAR DA BA TA JIN ZAFI

Wannan ita ce magana mafi girma cikin jawabin nan, ka ba ni hankalinka. Jiki magayi ne. Mai lafiya in takalmi ya cije shi, zafi zai sa ya tuɓe. Amma akwai waɗanda magayin nasu ya yi shiru, su ne masu ciwon sukari da ya daɗe, da waɗanda kuturta ta taɓa.

Wani likita Bature, Paul Brand, wanda ya fara aiki a garin Vellore na ƙasar Indiya a 1946, ya nuna cewa yawancin yatsun da kutare ke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Cutar tana kashe jijiyar ji, sa'an nan mutum ya yi ta jin rauni bai sani ba, yana takawa a kan miki har ya ruɓe. Da aka ɗinka musu takalma masu taushin ciki daidai da ƙafafunsu, aka koya musu duba ƙafa kullum, sai gyambo ya ragu.

Ciwon sukari ma haka ya ke yi, har ya ƙara da toshe hanyoyin jini, ta yadda miki ba ya saurin warkewa. A ce dattijo mai sukari ɗansa ya aiko masa da rufaffen takalmi daga birni. Ya sa ya tafi ɗaurin aure, ya yini a ciki, bai ji kome ba. Da dare akwai bororo a ƙaramin yatsa, bai gani ba. Bayan mako ya zama miki, aka barbaɗa masa gari aka ɗaure. Bayan wata yatsa ya yi baƙi, ƙafa ta kumbura, ga zazzaɓi. Sa'ad da aka kai shi asibiti, ruɓa ta kai ƙashi, ba abin da ya rage sai a yanke don a ceci ransa. Likitoci sun tabbatar yawancin ƙafafun da a ke yankewa saboda sukari da ɗan ƙaramin miki suka fara, kuma takalmin da bai dace ba yana cikin manyan masu jawo mikin.

In kana da sukari, ko akwai mai shi a gidanka, ga abin yi. Allah ya sauƙaƙa maka, gama kana wanke ƙafa a alwala kowace rana. To, in ka wanke ka duba ta, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, sa'an nan ka tsane ta da ƙyalle mai tsabta. In idonka ba ya gani sosai, ko ba ka iya sunkuyawa, ka sa madubi ko ka kira jika ya duba maka. Sabon takalmi kada ya wuce sa'a 1 ko 2 a ƙafarka ran farko. In ka tuɓe ka ga jan tabo da bai gushe ba, takalmin nan ba naka ba ne. Kada ka yanke kanta da reza, kada ka ba wanzami. Da hunturu kada ka miƙa ƙafa bakin wuta, gama za ta ƙone ba ka ji ba. In ka ga miki, kome ƙanƙantarsa, ka tafi asibiti ran nan, kada ka jira kasuwa ta zagayo.

KADA A YAR DA TAKALMI

Wani zai ce, in haka ne gara a koma tafiya ba takalmi. A'a. Akwai wata tsutsar ciki mai shan jini wadda 'ya'yanta ke zaune a ƙasa mai laima inda aka yi bayan gida, ta fatar ƙafa su ke shiga. Akwai ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba, waɗanda sukarsu ke iya kawo cutar nan mai sandarar da jiki ta kulle muƙamuƙi, wadda likitoci ke kira tetanus. Akwai kunama, akwai kububuwa a gona, mafi yawan saranta a ƙafa ne. Manomi ya sa but ɗinsa, sai dai ya zama mai sarari, da safa mai tsotse gumi, in ya taso ya wanke ƙafa ya shanya but ɗin ya bushe.

YADDA ZA KA ZAƁI TAKALMI

1. Ka sayi takalmi da yamma, sa'ad da ƙafa ta kai iyakar girmanta.

2. Ka gwada ƙafa biyu, kana tsaye, da irin safar da za ka riƙa sawa. Ka bi ƙafar da ta fi girma.

3. Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi a sami sarari kamar faɗin babban yatsan hannunka, watau wajen rabin inci. Ka iya motsa yatsunka duka a ciki.

4. Dunduniya ta zauna daram, ba ta fita in ka ɗaga ƙafa. Mai igiya ko maɗauri ya fi riƙe ƙafa.

5. Ka yi 'yan taku a gaban mai kaya. In ya ce, "Sa shi dai, zai buɗe," kada ka yarda. Fata ta kan ɗan saki a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo, roba kuwa ba ta saki sam.

6. In mai takalmin ba zai je kasuwa ba, ya tsaya a kan kwali da yamma, a zana ƙafarsa kewaye, a ƙara faɗin yatsa a gaba, a yanke. Kwalin da ya shiga takalmi bai lanƙwashe ba, ƙafa ma za ta shiga.

7. Na gwanjo ya riga ya ɗauki kamar ƙafar wani. Ka zura hannu ka shafa cikinsa, ka dubi ƙasansa ko ya cinye gefe ɗaya. In ya karkace, bar shi, kome arahar sa.

8. Kullum kafin ka sa takalmi ka zazzage shi, saboda tsakuwa da kunama.

9. Ka yanke farcen ƙafa a miƙe, kada ka rarake gefensa.

Ya kai mai karatu, abin da na roƙe ka ba ya cin ko kwabo. Yau da yamma ka tara yaran gidanka, kowa ya sa takalminsa ya tsaya, ka danna bakin kowane da yatsa ka ji inda yatsun yaron suka tsaya. Sa'an nan ka je wurin tsohon da ke gidan, ka roƙe shi ya bari ka duba tafin ƙafarsa. Takalmi in ya lalace akwai wani a kasuwa, ƙafa kuwa biyun nan ne rabonka har ƙarshen rai. Allah ya tsare mana lafiyarmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalamu alaikum.